Gaiwa a Randa, Kuli a Gilashi

Duk gidan ƙasa da ka gani a tsaye, akwai ramin da ya bari a wani wuri. Gusau ta yarintarmu garin gidajen ƙasa ce, saboda haka garin ramuka ce. Inda aka haƙi ƙasar tubali da ta yaɓe shi ke zama kududdufi da damina, kuma da wuya ka sami unguwar da ba ta da nata. Lokacin muna ƙarƙashin tsohuwar Jihar Sakkwato, don Zamfara ba ta samu jiharta ba sai 1996. Auduga da gyaɗa ke riƙe da garin, masaƙa na aiki, jirgin ƙasan da ya kai Ƙauran Namoda tun 1929 yana ratsawa da kukansa. Ga kuma Gulbin Sakkwato, da ya taso daga wajen Funtuwa, ya bi ta Gusau da Bunguɗu ya nufi Bakolori. A watan Agusta yakan cika ya tumbatsa, ya watsa ruwa da 'ya'yan kifi cikin fadamu da ramuka. Kafin Fabrairu ya koma yashi, sai 'yan gurabu nan da can inda mata ke wanki.

Tambayar da ta dame ni ina yaro ita ce: in ruwa ya ƙafe, ina kifin yake zuwa? Na ƙarfasa dai mun sani. Takan taru a ɗan ruwan da ya rage, yara su dama laka su kwashe, abin da ya saura shirwa da balbela su ƙarasa. Amma akwai tafkunan da ba su haɗe da gulbi ko kaɗan, su bushe ƙurmus har a buga ƙwallo a cikinsu, kuma ruwan farko na zuba a ga kifi ya dawo, ba ma ƙanana ba. Wasu su ce daga sama yake faɗowa tare da ruwa. Wasu su ce aikin mutanen ɓoye ne, a daina tambaya.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, manomi ne a wani ƙauye bayan Bunguɗu. Ba Basarke ba ne, bai gaji su ba, amma ya zauna da Sarkawa ya kwashi abin da ya kwasa. A wurinsa nake hutun makaranta na bazara, lokacin da fadama ta daddare, ƙasa ta yi zafin da ba a taka ta babu takalmi. Wata safiya ya ce in tashi mu je su. Na duba ban ga koma ba, ban ga gora ba, ban ga ƙugiya ba. Dagi ne a kafaɗarsa da wata tsohuwar fartanya.

"Kawu, ina ruwan da za mu shiga?"

"Wa yac ce maka ruwa za mu? Kihin da za mu kamawa ya bar ruwa tun da kaka. Taho dai, ɗan nan."

Yana tafe a sunkuye yana duba tsakanin tsagogin laka, musamman inda busasshiyar ciyawa ta kwanta, wato inda ruwa ya yi jinkirin tsotsewa. Abin da yake nema ɗan tudu ne da bai kai tafin hannu ba, da ƙaramar kafa a kansa. In ya gani sai ya zura siririn kara a hankali, ya kara kunne. Da yawa babu komai. A wani ramin kuwa sai muka ji amsa daga ƙarƙashin ƙasa, wani gajeren gurnani, har na ja da baya. Kawu bai sari kan ramin ba. Kewaye shi ya yi da dagi, da faɗi, ya yi ta ƙwaƙula har ya ɗago hogen gaba ɗaya, sannan ya zauna ya riƙa ɓantararsa da hannu.

A tsakiyar hogen akwai wani ƙunshi ruwan ƙasa, busasshe, marar kauri, yana ƙaras-ƙaras in an taɓa. Ya yage shi da farce. Sai ga gaiwa a naɗe, ta lanƙwashe biyu, wutsiyarta ta rufe mata fuska. Waje ƙasa ta yi tauri har dagi na tsalle a kanta, amma jikinta da danshi, yana yauƙi. Idanunta ƙanana ne ƙwarai. A inda sauran kifaye ke da fiffike, ita wasu siraran igiyoyi huɗu ne gare ta, biyu gaba biyu baya. Na miƙa hannu, ya buge min shi.

"Kak ka kai yatsa ga bakinta. In ta kama ba ta saki."

Manyan da muka samu ranar tukunya suka shiga, ko da yake ba kowa ke cin gaiwa ba, akwai masu ƙyamarta don kamanninta. Wata ƙarama kuwa, da ya gane ƙarama ce daga girman ramin, bai fasa hogenta ba. Ya ce in tafi da ita Gusau, in ajiye inda rana ba ta bugu, kada in toshe kafar, kada in zuba ruwa sai damina ta sauka. Haka na rungumo ta a motar kasuwa cikin tsohon buhu. Inna ta dube ni ta dubi buhun ta ce, "Duk tsarabar Bunguɗu ba ka samo komai ba sai hoge?"

Hogen ya yi makonni a ƙarƙashin rumbu. Da aka yi ruwan shuka na tari na indararo, na sa hogen a wata tsohuwar randa da bakinta ya guntule, na ƙara laka daga kududdufin unguwarmu, na zuba ruwan. Ƙasar ta jiƙa ta fara saki. Can bayan la'asar kumfa ta fara tasowa ɗaya-ɗaya. Kafin magariba sai ga ta ta fito, ramammiya, tana motsi da ƙyar, ta ɗago hanci saman ruwa ta shaƙi iska da wata 'yar ƙara, ta koma ƙasa.

To, wannan ɗagowar hanci ita ce kusan duk abin da na gani na kifina a daminar nan. Ina jefa mata tana da fara da ƙananan dodon koɗi, in sa kunne a jikin randa in ji tana ƙarmusa su, amma ita kanta tana can cikin duhu. Abokaina su zo kallo, su tsuguna, su gaji, su ce ƙarya nake babu komai a ciki. Mai haƙuri a cikinsu shi ke gani. Na lura in an ƙwanƙwasa randar, ko inuwar mutum ta faɗa kan ruwan, takan jinkirta fitowa har iya ƙarfin numfashinta. In kuwa an yi tsit an bar ta, sai ta taso a natse, wani lokaci har ta ɗan tsaya. A wancan zamanin ba wanda ke ajiye kifi don kallo a Gusau. Kifi na miya ne, ko na banda, ko na suya a bakin tasha. Da an ce mana akwai ƙasashen da ake saya wa kifi gidan gilashi a kunna masa fitila, da mun ce notin kan mai faɗa ya kwance. Ni dai ina kiwon kifi, kuma ban taɓa jin an cuce ni ba don ba na ganinsa.

Da kaka ta yi, kawu ya shigo gari sayar da gyaɗa ya leƙa randar. Ya ce in ƙara laka ta kai kamu ɗaya, in daina ƙara ruwa, amma kada in kwashe wanda ke ciki. "Bari shi tsotse don kainai," in ji shi, "in ka gaggauta mata, ba ta samun yin ɗaki." A kwanakin nan ne na gan ta da kyau. Ruwa ya rage bai fi ya rufe yatsa ba, ta dasa kai ƙasa tana cizon laka, lakar tana fitowa ta kunnuwanta, tana murɗa jiki tana nutsewa. Da ta yi nisa sai ta juyo da kai sama. Ta riƙa leƙowa shan iska tana komawa, har ranar da saman ya bushe ba ta sake leƙowa ba. Damina ta zagayo ta sake fitowa, ta yi girman da randa ba ta ɗaukarta, na kai ta kududdufi na sake.

Sai da na girma na yi karatu na san sunan abin da na gani. Gaiwa huhu gare ta, na gaske, kuma dole ne ta sha iska. Shi ya sa masunta suka san in ta kwana a tarko ƙarƙashin ruwa, da safe gawarta za a tarar: kifin da ruwa ke ci. Ƙunshin nan da kawu ya yage yauƙin jikinta ne, ta fitar da shi ya bushe ya lulluɓe ta, ya bar 'yar hanya daidai bakinta zuwa kafar da ke sama. A ciki bugun zuciyarta da numfashinta sukan yi ƙasa sosai. Ba ci, ba sha, ba fitsari. Dattin da jiki ke haifarwa, wanda kifi ke zubarwa cikin ruwa a matsayin amoniya, ita takan mayar da shi yuriya, sinadarin nan dai da manomi ya sani a buhun taki, ta tara a jiki har ranar da ruwa ya dawo ta wanke shi. A daji wata bakwai ko takwas take yi a haka. A ɗakunan bincike an ga wadda ta haura shekara uku. Irinta shida ne kacal a duniya: huɗu a Afirka, ɗaya a Kudancin Amurka, ɗaya a Ostireliya. Tamu ta Afirka ta Yamma, Baturen Ingila Richard Owen ne ya fara bayaninta a rubuce a 1839, daga wadda aka kai masa daga Kogin Gambiya, kuma masana sun daɗe suna gardamar ko kifi ce ko dangin kwaɗo. Daga baya wani masanin ƙoda Ba'amurke, Homer Smith, ya je Gabashin Afirka a ƙarshen shekarun 1920 musamman don ya gano yadda 'yar'uwarta ta can ke rayuwa ba fitsari.

Bahaushe ya riga su faɗin rabin maganar, da ya ce gaiwa jikinta take ci. Muna yara mun ɗauka wutsiyarta take gatsa, tunda a bakinta ake samunta. Ashe naman jikinta ne ke narkewa a hankali yana riƙe ta, shi ya sa take fitowa a rame. Ana jifan mutum da wannan magana in ya zauna yana cinye jarinsa, ko yana cutar kansa da kansa. Ni ina ganin ba a yi wa gaiwa adalci ba. A tafkin da ƙarfasa ta mutu, ragon ruwa ya mutu, ita ce ke wayar gari a raye.

Ba ita kaɗai ce mai ɓuya a ruwanmu ba. Tarwaɗa na kwanciya cikin taɓo muddin da sauran danshi, don ita ma tana da abin shaƙar iska a cikin kai, kuma a daren da aka yi ruwa takan ja ciki ta tsallaka daga wannan tafki zuwa wancan. Ƙurungu na shigewa kogon itace ko tsakanin duwatsu, ya miƙe ƙayoyinsa ya kulle su, in ka ja sai dai ka yage hannu. Masu lalube sun san wannan, sun kuma san ramin da ba a zura hannu don minjirya. Rabin sanin su, sanin maɓoya ne.

Akwatin gilashi kuwa sai a farkon shekarun 2000 na mallaki nawa, bayan Gusau ta zama babban birnin jiha, baƙin abubuwa sun fara shigowa falukan mutane. A wani shago a Kaduna na gani. Akwatunan jere, jajayen kifayen nan na ƙasar Sin suna ta shawagi, sai guda ɗaya a ƙarshe da ba komai a ciki sai yashi da guntun bututun roba, amma an liƙa masa farashi. Na tambayi yaron shagon ko ruwa yake sayarwa. Ya yi dariya ya ce, "Akwai kaya a ciki, Alhaji." Ya ɗaga bututun. Wasu siraran halittu masu tsawon yatsa, da ratsin baƙi da ruwan goro, suka watse, kafin in ƙifta ido yashi ya haɗiye su. Nan take na ji na san wannan hali. Ban yi ciniki mai tsawo ba.

Kuli ake ce musu, wani reshe na babban dangin kifin da Turawa ke kira loc. Asalinsu ƙoramun dajin Indunusiya da Malesiya ne, ruwa mai tafiya a hankali, ƙasansa yashi da ruɓaɓɓen ganye, samansa inuwar itatuwa. An sa musu sunan wani matashin masani Bajamushe, Heinrich Kuhl, da ya rasu a tsibirin Jaba a 1821. Dangin loc sun cika Asiya da Turai, amma a duk faɗin Afirka ba a samunsu sai a Maroko da Habasha. Wato baƙi ne a wurinmu ƙwarai da gaske, ba su haɗa komai da gaiwa ba sai hali.

Na je bakin gulbi inda masu tifa ke ɗibar yashi, na zaɓi mafi laushi, na tankaɗe, na yi ta wankewa har ruwan ya fita garau, na tafasa, na shimfiɗa a akwatin kaurin yatsa biyu. Na sa tsingaron tukunya a kife, da guntayen bututu. Na sake su. Suka ɓace. Kwana da kwanaki akwati na tsaye a falo, famfon iska na ta kumfa, ba kifi. Maiɗakina ta gaji ta ce, "Malam, yanzu kuɗin cefanen ne ka zuba a yashi?"

Da daddare ake ganinsu. In an kashe fitilar akwatin bayan isha'i, na lulluɓe tocila da ƙyalle don haskenta ya dushe, sai in ga yashi ya fara motsi. Kai ke fara fitowa, da ɗan gashin baki yana karkarwa, sannan sauran jiki ya zare. Suna bin ƙasa suna ɗibar yashi da baki, su tace abin ci, su fesar da sauran ta kunnuwa, daidai yadda gaiwata ke yi da laka. Da rana kuwa in ka leƙa ƙarƙashin tsingaro sai ka tarar da su a cure wuri ɗaya, wannan kan wancan, ba ka bambance kan wani da wutsiyar wani. Ba sa son kaɗaici. Guda ɗaya ko biyu ba za su taɓa sakewa ba, sai sun kai biyar ko shida zuwa sama. Akwai kuma ranakun da hadari ke haɗuwa ta gabas, su fito tsakar rana suna zarya sama da ƙasa a jikin gilashi. Wannan hali an fi sanin wani ɗan'uwansu da shi, dojo na Japan da Koriya da Sin, wanda har ake ce masa kifin yanayi don yana jin sauyin nauyin iska kafin ruwa ya sauko. Shi dojo yakan haɗiyi iska ya shaƙa ta hanji, ya kwanta a taɓon gonar shinkafa in ruwa ya janye, kuma a can miya ake yi da shi. Kuli ba shi da wannan ƙarfin. Ɓuyarsa ta tsoro ce da neman abinci, ba ta jiran damina ba. In ruwa ya ƙafe masa, ya mutu.

Wani abokina ɗan kasuwa ya gan su a gidana wani dare ya yi sha'awa. Ya sayo akwati ninki biyun nawa, ya zuba tsakuwa mai launi-launi, irin mai kaifin nan da ake rinawa, ya sa fitila mai haske da ba a kashewa. Bayan sati ya kira ni yana faɗa, wai an sayar masa da kifin da ba ya fitowa. Kafin in je ya kwashe duk wani dutse da itacen da ke ciki, don su rasa inda za su shiga.

"Ni kuɗi na sa don in gani," in ji shi. "In baƙo ya zo me zan nuna masa?"

"Alhaji, ba su wurin ɓuya, za ka gan su."

"Wace irin magana ce wannan? In ba su maɓoya kuma in gan su?"

Bai yarda ba. Ya gan su kuwa, na 'yan kwanaki. Launinsu ya koɗe, gashin bakinsu ya cinye don gogar tsakuwa, suka cusa kansu bayan na'urar tace ruwa, wani ma ya shige cikinta. Ɗaya bayan ɗaya suka ƙare. Ya ce kifin banza ne, ya koma kan jajayen.

Maganar da ya ƙi ita ce gaskiyar lamarin, kuma duk wanda ya daɗe da irin kifin nan zai faɗa maka haka. Ƙaramin kifi marar makami, abin da ke ba shi ƙarfin halin fitowa fili shi ne sanin cewa akwai mafaka kusa. In maɓoya ta yi yawa, tsoro ya ragu, sai ya riƙa yawo har da rana. In babu, kullum a firgice yake, ba ya ci, cuta ta same shi da sauƙi. Gidan Bahaushe ma haka yake: mai ɗaki da labule shi ke zama tsakar gida ya miƙe ƙafa ya yi hira, wanda aka bari a fili ba ya ko runtsawa. Akwatin gilashi, tun da aka buɗe na farko don jama'a a gidan namun dajin Landan a 1853, don idon mai kallo aka ƙera shi. Ba laifi. Amma wanda ya ɗauko kifin ƙasa ya hana shi ƙasa, son ransa ya kiwata, ba kifi ba. Kawuna bai taɓa ganin akwatin kifi ba har ya koma ga Allah, amma da an nuna masa na abokin nan nawa, kallo ɗaya zai yi ya ce ina lakar.

Kiwonsu a Gusau da nasa wahalhalu. Ruwa mai ɗumi suke so, tsakanin digiri 24 da 30. Da hunturu, cikin Disamba da Janairu, ruwan akwati kan yi sanyi da asuba fiye da yadda suke jurewa, kuma na'urar ɗumama ruwa ba ta da amfani in an ɗauke wuta, sai dai a lulluɓe akwatin da bargo. Da bazara kuma, lokacin da zafi ke kai digiri 40 a inuwa, ruwa mai zafi ba ya riƙe iska sosai, famfo ya tsaya na awoyi ka ga suna haki. Dabarar ita ce kada a cika kifi da yawa, a kawar da akwatin daga taga, a riƙa sauya kaɗan daga ruwan a kai a kai. Ruwan famfo a bar shi ya kwana a buɗe kafin a zuba. Abinci ya zama mai nutsewa, a ba su bayan an kashe fitila, in ba haka ba na sama su cinye. A rufe bakin na'urar tace ruwa da soso, a rufe saman akwatin ruf. Masu kiwon tarwaɗa sun saba watsa gishiri in kifi ya yi rashin lafiya. Wannan ba na kuli ba ne, ɓawon jikinsa ƙanana ne ƙwarai, gishiri da magani mai ƙarfi suna shigarsa da sauri. Kuma yana da 'yar ƙaya a ƙarƙashin ido da ke sarƙewa a raga, gara a kamo shi da kofi. In za a kwashe yashi a wanke, a ƙirga su tukuna. Da yawa sun zubar da kifinsu a rariya suna zaton ya daɗe da mutuwa.

Abin dariya, yayin da muke sayo na Indunusiya, namu ma jirgi yake hawa. Daga Legas ana fitar da kifayen ado zuwa Turai da Amurka da Asiya, cikinsu har da gartsa da dangin ƙurungu, irin waɗanda in sun faɗo a koma yara ake bai wa. Gaiwa ita ma tana da masu sha'awarta a can, suna gina mata manyan akwatuna.

Yanzu bulo ya kori tubali, ba a haƙa sababbin ramuka, tsofaffin kuma an cike su da shara an yanka filaye. Kududdufin da na saki gaiwata shaguna ne a kansa. Fadamar bayan Bunguɗu tana nan, amma tun da 'yan bindiga suka addabi Zamfara, sama da shekara goma ke nan, ba mai hankalin da zai ɗauki yaro ya shiga daji da dagi don neman kifi. Hanyar Tsafe ma sai da addu'a. 'Ya'yan kawu sun baro ƙauyen, suna cikin gari suna buga-buga. Yaran gidana a waya suka fara ganin yadda ake fasa hoge a ciro gaiwa, suka kawo min suna mamaki, wai in zo in ga abin da ake yi a wata ƙasa.

Ɗaya daga cikin jikokin kawu, saurayi mai gyaran waya, shi ne abin ya shiga ransa. Ya zo ya ce, "Baba, gaiwa nake son in sa a gilashi." Na ce ya nemi akwati babba, don tana iya kai mita ɗaya. Ita kaɗai za ta zauna, duk abin da aka haɗa ta da shi abinci ne. Ya bar sarari tsakanin ruwa da murfi don ta sha iska, ya danne murfin da abu mai nauyi. Ya shimfiɗa yashi mai laushi, ya sa mata babban bututu, ya rage haske. Ba sai ya busar mata da ruwa ba, in da ruwa shekara duka za ta zauna abinta. Kuma hannunsa ya yi nesa da bakinta.

Akwatin bai ba shi wuya ba, mai yankan gilashin taga ya haɗa masa. Samun kifin ne aiki. Ya yi ta zarya wurin masu kifi a kasuwa, kullum sai bandararriya ko yankakkiya. Daga ƙarshe wani dattijo ya ce zai sa a kawo masa daga Bakolori in ruwa ya sauka, amma ya tsare shi da ido ya ce, "Rayayya kaka so? Ta magani ta?" Yaron ya fara bayanin gilashi da yashi da bututu, ya ga dattijon ya ƙara tsuke fuska. Sai ya ce, "I, Baba, ta magani ce." Nan take aka yi ciniki, har da ragi.